Yadda ake tafiyar da dokar gajiya a wasan labari na tebur

Jarumin da ya taso daga Kasuwar Kurmi cikin ayarin fatake, ya nufi Agadas ta hanyar Damagaram, ba zai isa da ƙarfin da ya bar gida da shi ba. Dokar gajiya ce ke sanya wannan a lissafi. A tsarin Dungeons & Dragons, bugu na biyar na 2014 (wasan da kowane ɗan wasa ke riƙe da jarumi ɗaya, jagora yana ba da labari, dayis yana yanke sakamako), gajiya hawa 6 ce.

A hawa na 1, duk abin da jarumi zai gwada da ƙarfinsa ko basirarsa, sai ya jefa dayis mai fuska 20 sau biyu, a ɗauki ƙaramin sakamako. A na 2 saurinsa ya rabu biyu, mai tafiyar ƙafa 30 a zagayen wasa ɗaya ya koma 15. A na 3 jifa biyun nan ta shafi kai hari da jifar tsira, wato jifar da ake yi don kauce wa wata cutarwa. A na 4 iyakar makin ransa, wato makin da ke nuna raunin da zai iya ɗauka, ta ragu da rabi, a na 5 ko taku ɗaya ba ya iyawa, na 6 kuwa mutuwa ce. Kuma taruwa suke yi: wanda ke hawa na 3 yana ɗauke da na 1 da na 2.

Kada jagoran wasa ya riƙe lissafin a kansa. A ajiye ƙwallon dabino ko tsakuwar dara a gaban kowane ɗan wasa, ɗaya a kan kowane hawa, yadda duk wanda ke zauren zai gani. Yawancin gardama daga mantuwa take tasowa.

Me ke kawo gajiya? Tafiyar yini awa 8 ce. Kowace awa da aka ƙara, sai a yi jifar juriya: awa ta 9 ana neman sakamakon jifar ya kai 11, ta 10 ana neman 12, haka nan dai. Wanda ya gaza ya hau hawa ɗaya. Ruwa kuma galan guda a yini, wato kusan ledar fiya wata 8, a lokacin zafi a ninka. Wanda ya sha rabi kawai zai nemi 15, wanda bai samu ko rabin ba ya hau ba tare da jifa ba, in kuma da ma a gajiye yake, hawa biyu ne. Zafin da ya kai digiri 38 ba ruwan sha, irin na Kano a watan Afrilu, yana da tasa jifar kowace awa, ta fara daga 5 tana ƙaruwa da ɗaya.

Inda wasa ke lalacewa shi ne hawa na 3. Jifar da ke kare jarumi daga ƙarin gajiya ita ma jifar tsira ce, ga shi kuma gajiyar ta riga ta raunata ta. Mai neman 11 ba tare da wani ƙarin maki a kan jifarsa ba, damarsa rabi da rabi ce, amma da jifa biyu damarsa ta koma ɗaya cikin huɗu. Hawa na faruwa cikin sa'o'i, sauka kuwa a hankali: dogon hutu na awa 8, tare da ci da sha, hawa ɗaya tak yake cirewa. Mai ƙwallo 4 a gabansa sai ya kwana 4.

Saboda haka jagora ya yi gargaɗi kafin jifa. Ya ce madugu ya hango rijiya amma sai an ƙara awa 2, ku zaɓa. Kada ya haɗa wa mutum jifar zafi da ta doguwar tafiya a awa guda, ya ɗauki wadda ta fi dacewa da labarin. Ya kuma bar musu mafita, ko tafiyar asuba da yamma, ko zango a inuwa da azahar, ko raƙumin da zai ɗauki salka.

Ga sababbin 'yan wasa, tsarin 2024 ya fi sauƙin riƙewa: kowane hawa yana cire 2 daga jifar dayis mai fuska 20, da ƙafa 5 daga sauri, mutuwa tana nan a na 6. A zaɓi ɗaya tun zaman farko, a rubuta shi a takarda a tsakiyar tabarma.