Kurakuran da 'yan zango ke maimaitawa idan za su bakin teku

A Ghana, duk bayan Sallah sai matasan Nima da Mamobi a Akra, ko na Aboabo da Asawase a Kumasi, su haɗa kuɗi su yi shatar mota zuwa bakin teku. Kuma duk shekara kurakuran nan ne dai, kamar an yi mana baki.

Mafi muni shi ne ɗaukar teku kamar kogi. Yaro ya iya iyo a rafi ko a kwamin wankan otal, sai ya ɗauka ya gama. Gaɓarmu daga Ada har Axim tana kallon Tekun Atlantika ne kai tsaye, kuma ba igiyar da ke tashi tana ruri ce ta fi cin mutane ba. Ruwan da igiya ta turo gaɓa dole ya koma, sai ya sami wata siririyar hanya tsakanin tudun yashi ya zurara ciki da ƙarfi. Gudunsa kan kai mita 2 a daƙiƙa guda, ko gwani bai iya gaba da shi. Abin takaicin, wurin nan ne ya fi kama da lafiya: igiya ba ta fashewa, ruwan ya ɗan yi duhu, ya kwanta luf. Sai ka ji uwa tana cewa, "Ku koma can, ya fi kwanciya." Ta tura su bakin kura ba ta sani ba.

Kafin kowa ya jiƙa ƙafa, a hau tudu a kalli ruwan minti 10. Inda kumfa ko leda ke tafiya ciki maimakon fitowa, a bar wurin. A gaida masunta a tambaye su, sun fi kowane allon gargaɗi sani. Wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawar komowa gaɓa, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ya kwanta rigingine, ya ɗaga hannu, sannan ya yi iyo gefe, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar ruwan. Na tudu kuma kada ya faɗa, gawa biyu za a ɗauka. Ya jefa masa galan ɗin Kufuor (babbar jarkar roba) marar komai da aka ɗaure murfinsa tam, wani ya kira 112.

Ni dai ƙa'idata, wanda bai iya iyo ba ruwa ba ya wuce masa gwiwa, kuma kowane yara uku da babba guda wanda ya ajiye waya. Jallabiya da abaya in sun sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa. A sa dogon wando da riga marasa nauyi, suturar ta samu. Ku kuma masu hawa duwatsu kuna juya wa teku baya don hoto, wa ya ce muku igiya tana sallama? Wace tsiya ce a hoton da za ku sayar da rai a kansa?

Na biyu shi ne raina hanya. Daga Akra zuwa Cape Coast kusan kilomita 150 ne, sai mai shirya tafiya ya rubuta awa uku, ya manta da cunkoson motoci na garin Kasoa. An ce ƙarfe 6, ana jiran Hajiya da kulolin abinci har 9, cunkoso ya cinye hantsi, a isa da azahar a gajiye, a ce kuma za a ga gandun dajin Kakum da gidajen bayi biyu (inda Turawa suka tsare bayi a da) da wanka a yini ɗaya. Ba ya yiwuwa. A tashi da an sallame asuba, wanda ya makara ya biyo a trotro (motar haya). Mutanen Kumasi da ke bin Assin Fosu tasu ta fi tsawo, su sa kwana a lissafi. A fara da Kakum da safe, kilomita kamar 30 arewa da Cape Coast, kafin layin hawa gadojin igiya 7 ɗin ya yi tsawo. Bayan azahar a shiga gidan bayi na Cape Coast, ko na Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Busua da Nzulezo tafiya ce daban, suna gaba da Takoradi. Dawowar dare da direban da ya yini a rana kuwa, ban yarda da ita ba ko kyauta ce.

Wata ma yana da muhimmanci. Yuni tsakiyar damina ne, kuma yankin Axim ya fi ko'ina ruwan sama a ƙasar. Daga Yuli zuwa Satumba teku kan yi sanyi da haushi. Nuwamba zuwa Maris ya fi, sai dai a Disamba kuɗin ɗaki tashi yake yi. Asabar ta farkon Satumba ana bikin Fetu Afahye a Cape Coast, ba a zuwa neman masauki ranar. Mai kwaɗayin ɗanyen kifi kada ya zaɓi Talata, a yawancin garuruwan gaɓa masunta ba sa shiga teku ranar.

Sauran ƙanana ne. A riƙe Ghana Card, kuɗin shigar ɗan ƙasa ya fi na baƙo sauƙi. A riƙe 'yan sidi a hannu, MoMo (kuɗin waya) ba ta amfani inda sabis ya ɗauke. Kada a tura kuɗin ɗaki ga lambar da aka gani a Facebook sai an tabbatar masaukin na nan. A tambayi mai gashi ko ana ɗora alade a kan wayar da yake gasa kifi. A tafi da gidan sauro da buta da tabarma. In Ada aka nufa, ba a shiga kwalekwale sai da rigar kariya, kuma a hana yara wanka a ɓangaren kogin Volta, saboda tsargiya.