Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa ƙanƙarar 'ya'yan itatuwa a gida, da yadda ake gyara su

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin bazara kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, gidaje da dama kan duƙufa wajen haɗa ƙanƙara mai zaƙi, wasu domin yaran gida, wasu kuma domin a ƙulla a leda a sayar a ƙofar gida ko a bakin makaranta. A daidai lokacin ne mangwaro ke cika kasuwa, kankana ta yi araha, ga kuma zoɓo da tsamiya da 'ya'yan kuka waɗanda ba sa yankewa duk shekara. Amma duk da wannan yalwa, ƙorafin da ake ji bai cika sauyawa ba: ko dai ƙanƙarar ta yi tauri kamar dutse, ko ta fito salam, ko kuma yaro ya tsotse zaƙin da launin nan take ya bar farin dunƙule a hannunsa. Tushen yawancin matsalolin nan ɗaya ne, wato zaton da ake yi cewa duk abin da ya yi daɗi a kofi zai yi daɗi bayan ya daskare.

Kuskuren farko yana faruwa ne tun a wajen ɗanɗanawa. Sanyi mai tsanani yana rage wa harshe jin zaƙi da ƙamshi, saboda haka haɗin da zaƙinsa ya yi daidai a baki kafin a sa shi a firiza zai fito da ƙarancin zaƙi. Abin da ya kamata shi ne idan an ɗanɗana a ji zaƙin ya ɗan zarce na abin sha, har mutum ya fara tunanin ko hannunsa ya zarme. Aikin sukari a nan bai tsaya ga zaƙi ba, domin shi ne yake hana ruwan dunƙulewa wuri ɗaya, ya sa ƙwayoyin ƙanƙarar su kasance ƙanana yadda haƙori zai iya gutsura. Wanda ya rage sukari sosai da niyyar kula da lafiya, ya sani cewa taurin da zai gani daga nan ya samo asali, kuma mafita gare shi ita ce ya koma ga 'ya'yan itatuwa masu zaƙin kansu da kauri, irin su nunannen mangwaro da ayaba. Ga lita ɗaya ta ruwan zoɓo ko na tsamiya, giram 150 zuwa 200 na sukari kan wadatar, wato abin da ya ɗan haura gwangwanin madara ɗaya. Mangwaron da ya nuna sosai kuwa rabin wannan ma yana iya yi masa yawa. Idan aka wuce gona da iri, sai a kwana a tarar haɗin bai kama jikinsa ba, yana danƙo, yana zubewa daga jikin tsinke. Zuma ta fi sukari hana daskarewa, don haka mai amfani da ita ya rage awo, kuma kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba duk wani abu da aka sa wa zuma.

Yadda ake zuba sukarin ma yana da nasa kuskuren. Idan aka barbaɗa shi a cikin ruwan 'ya'yan itace mai sanyi aka juya sama-sama, ba ya gama narkewa, sai ya kwanta a ƙasa, a sami gefe ɗaya na ƙanƙarar zaƙi cau, ɗaya gefen kuma lami. Gyaran shi ne a auna kofi ɗaya na sukari da kofi ɗaya na ruwa, a ɗora a wuta har ya narke tas, a bar shi ya huce, sannan a riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa. Wannan dafaffen ruwan sukari shi ne kuma inda ya fi dacewa a jiƙa ganyen ƙamshi, kamar yadda bayani zai zo.

Sai batun ƙara ruwa domin haɗi ya yi auki, wanda masu sayarwa suka fi faɗawa cikinsa. Kankana kashi 92 cikin ɗari nata ruwa ne, saboda haka wanda ya markaɗa ta ya ƙara mata kofi biyu na ruwa, jan ruwa kawai ya daskarar. A bar ta da ruwanta, a cire 'ya'yan kafin markaɗe, a matse mata rabin lemun tsami, a sa gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka tsinta. Gishirin ba ya fitowa a baki, sai dai ya fito da zaƙin kankanar. Matsalar farin dunƙulen nan da ke saura a hannun yaro ita ma daga yawan ruwa take, tare da jinkirin daskarewa. Idan haɗi ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya kama, tsurar ruwan ne ke fara daskarewa, ya ture sukari da launi zuwa 'yan kafofin da ke tsakani, shi ya sa tsotsa biyu ko uku ke kwashe su. Maganin wannan shi ne a ba haɗin jiki. Naman mangwaro ɗaya a cikin lita ɗaya ta zoɓo, ko cokali uku na garin 'ya'yan kuka da aka jiƙa aka tace, ko rabin ayaba a cikin abarba, duk suna riƙe ruwan su hana shi rabuwa. Sannan a sanyaya haɗin a firji kafin a ƙulla, a yi ƙulli ƙanana, a shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya a ƙasan firiza. Tara ƙulli hamsin a roba ɗaya a tura ciki yana sa na tsakiya su kwana ba su daskare ba.

A wajen ganyen ƙamshi ne aka fi yin asarar kaya masu kyau. Na'a-na'a ba ta son doguwar dahuwa: idan aka bar ta tana tafasa tare da zoɓo na tsawon rabin awa, ƙamshin ya bi tururi, abin da ya saura sai ɗacin ganye. Idan kuma aka jefa ta ɗanya a blenda, tana yin baƙi bayan ɗan lokaci, launin haɗin ya dusashe, ga ɓurɓushi yana maƙalewa a haƙori. Hanyar da ta fi ita ce a sauke ruwan sukarin nan daga wuta da zafinsa, a ɗan murza ganyen na'a-na'a cikin tafin hannu, a zuba, a rufe tukunyar na minti 15 zuwa 20, sannan a tace a matse. Rufewar tana da muhimmanci, domin ƙamshin yana cikin wani mai ne da ke saurin tashi. Masu son a ga koren ganye a jikin ƙanƙara don ado suna iya sa ƙaramin ganye ɗaya, amma a gaskiya ido kaɗai yake amfana, domin da zarar ya narke laƙwas yake komawa, yara kuma tofar da shi suke yi.

Citta da kanumfari sun sha bamban da na'a-na'a, domin su sai da wuta suke ba da abin da ke cikinsu. Ɗanyar citta mai tsawon babban yatsa, a daddaka ta a tafasa na minti goma, ta ishi lita ɗaya. Kanumfari kuwa ƙwaya uku ko huɗu ne iyaka, domin idan ya yi yawa yana kashe harshe, ya danne duk wani ɗanɗano da ke cikin haɗin. Ɗoɗɗoya tana tafiya da abarba da kankana fiye da yadda ake zato, amma ganye biyu ko uku sun isa, idan aka zarce sai ƙanƙarar ta koma ƙamshin farfesu. Ni a ganina kayan ƙamshi iri ɗaya, ko biyu idan ta kama, sun ishi kowane haɗi: citta da tsamiya, na'a-na'a da kankana, kanumfari da zoɓo. Tara su gaba ɗaya a tukunya ɗaya ba gwaninta ba ce.

Akwai kuma haɗin da ba sa jituwa, kuma wannan darasi da kuɗina na saye shi. Wata bazara na markaɗa abarba biyu ɗanyu da madarar gari, na ɗanɗana na ji babu abin da ya kai shi daɗi, na bar shi a kan tebur kusan awa ɗaya ina neman leda, sannan na ƙulla kusan guda arba'in. Washegari wanda ya fara gutsura ya yamutsa fuska, ɗaci ne kamar an sa maɗaci. Dalili shi ne ɗanyar abarba tana ɗauke da wani sinadari mai narka furotin ɗin madara, ya tsinka ta ya kuma bar ɗaci. Gwanda ma tana da makamancinsa, ɗanyar citta kuma tana iya sa madara ta yi gudaji. Zafi yana kashe ƙarfin wannan sinadari, saboda haka a dafa markaɗaɗɗiyar abarba na minti biyar, a bari ta huce, kafin ta haɗu da madara. Lemun tsami shi ma yana tsinka madara, don haka idan ana son tsami da kauri tare, yogot ko kindirmo mai tsabta ya fi. Lemun zaƙi kuwa a matse shi da hannu, domin farin ɓargon da 'ya'yan idan suka shiga blenda ɗaci suke kawowa. Ayaba da tuffa suna yin duhu da zarar an markaɗa su, sai an matse musu lemun tsami nan take.

Zoɓo yana bukatar a wanke shi sau biyu ko uku saboda yashi, kuma ba ya bukatar tafasa mai tsawo. Al'adar jefa masa kanwa don a kashe tsami ba ta dace da ƙanƙara ba, domin tana mayar da jan launinsa baƙi-baƙi, ga shi kuma ɗan tsamin nan shi ne ke farkar da baki idan abu ya yi sanyi. Ita tsamiya a jiƙa ta a ruwan ɗumi, a dama da hannu mai tsabta, a tace sau biyu da rariya mai laushi.

Wajen ƙullawa, a tuna cewa ruwa yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin goma idan ya daskare. Ledar da aka cika aka ɗaure tam fashewa take yi, mazubin da aka cika har baki kuma yana ambaliya ya manne da murfinsa. A bar sarari kamar faɗin yatsa ɗaya. Kada a zuba haɗi da zafinsa a leda, kuma a daina hura leda da baki don a buɗe ta, abin da na sha gani a gidaje masu tsabta ƙwarai ta kowace fuska. Mazurari ko ƙaramin jug mai baki ya wadatar. Masu amfani da ƙananan kofuna da tsinke sukan soka tsinken tun haɗin yana ruwa, sai ya karkace ko ya taso sama. A jira awa ɗaya zuwa biyu har haɗin ya fara kamawa, sannan a soka shi a tsakiya, a ba shi awa shida zuwa takwas ya gama.

Kuskuren da ya fi duk waɗannan haɗari shi ne zaton cewa sanyi yana kashe ƙwayoyin cuta. Ba ya kashe su, kwantar da su kawai yake yi, kuma masu haddasa kwalara da taifod suna iya rayuwa a cikin ƙanƙara. Duk ruwan da zai shiga haɗi ya zama an tafasa shi ko an tabbatar da tsabtarsa, kuma a wanke bayan kankana da mangwaro kafin a yanka, domin wuƙa tana kwasar dattin ɓawo ta kai shi ciki. A raba ƙanƙara da ɗanyen nama da kifi a cikin firiza, a ajiye ta a sama cikin roba mai murfi. Ba wari kaɗai ake gudu ba, ko da yake ƙanƙarar mangwaro mai ƙarnin kifi ko warin daddawa ba ta shayuwa. Abin lura shi ne yaro da haƙori yake huda ledar, don haka duk abin da ya ɗiga a bayanta bakinsa zai shiga.

Ɗaukewar wuta kuwa kowa ya san halinta a lokacin zafi. Ƙanƙarar da ta narke ta sake daskarewa takan yi garas-garas, zaƙin ya taru a ƙasa, kuma idan da madara ko yogot ko kunun aya a cikinta, matsalar ta wuce ta ɗanɗano. Irin wannan idan ta narke gaba ɗaya ta yi awa biyu babu sanyi, zubar da ita ya fi a mayar. Firizar da take cike tana iya riƙe sanyinta kusan kwana biyu idan ba a buɗe ta ba, wadda take rabi kuma kusan kwana ɗaya, shi ya sa yake da kyau a cike gurbin da ya saura da gorunan ruwa su daskare. Domin a san abin da ya faru da dare ko lokacin da ba a gida, a daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, a ɗora kwabo a samansa, a bar shi a ciki. Idan aka tarar kwabon ya nutse zuwa ƙasan kofin, to kayan sun narke sun sake kamawa.

Wajen cirewa daga mazubi, fizgar tsinke da ƙarfi ita ce ke sa ya fito shi kaɗai ya bar ƙanƙarar a ciki, ruwan zafi kuma yana narkar da rabinta. A tsoma mazubin a ruwan ɗumi na daƙiƙa 10 zuwa 20, a ɗan murɗa tsinken a hankali, sai ta zame. Waɗanda ba za a sha nan take ba a naɗe kowace a ledarta a mayar firiza, a rubuta ranar da aka haɗa su a jikin murfin robar, a kuma shanye su cikin mako biyu zuwa uku, kafin ƙamshin na'a-na'a ya gushe, farin ɓurɓushin sanyi ya fara hawa kansu.