Yadda mai ciki za ta kare kanta idan jini ya taɓa daskare mata a ƙafa

Wannan rubutu na macen da ƙafarta ɗaya ta taɓa kumbura ne, aka yi hoto aka ga gudan jini a babbar jijiya, ta sha magani wata uku ko shida ta samu sauƙi, yanzu kuma ga ciki. Na daɗe ina aikin awo a Katsina, kuma inda na fi ganin mata suna tuntuɓe shi ne farkon cikin nan.

A wajenmu mace sai ciki ya kai wata huɗu ko biyar take leƙo awo, ana kunya, ana ɓoye wa har uwar miji. 'Yar'uwa, ke ba ki cikin masu wannan jinkiri. Jinin al'ada na ƙetare ki, ki yi gwajin ciki, in ya tabbata ki nufi babban asibiti a satin, irin Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na Turai 'Yar'adua. Shi kansa ciki yana ninka haɗarin daskarewar jini sau 4 zuwa 5, domin jini yana ƙara saurin daskarewa saboda shirin haihuwa, mahaifa kuma tana danne jijiyoyin da ke dawo da jini daga ƙafa, musamman ta hagu.

Ki tafi da takardar sallama da sakamakon hoton da kwalin maganin da kika sha. Kada ki jira a tambaye ki, ki faɗa da bakinki. Wata baiwar Allah sai da na ga ƙafarta ta hagu ta ƙi shiga takalmi na matsa da tambaya, ta ce, "Malama, ai wannan tun bara na warke." Sau uku tana zuwa awo, ba a rubuta komai a katinta ba.

Idan har yanzu kina shan warfarin, ƙwayar hana daskarewar jini, maganar ta gaggawa ce. Yana ratsa mabiyiya, kuma tsakanin sati 6 da 12 yana iya taɓa halittar ƙashi da hancin jariri. Rivaroxaban da apixaban su ma ba na mai ciki ba ne. Amma kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne mace ta ji haka ta ajiye ƙwayar ta zauna a gida babu komai. Canji ake yi, daga ƙwaya zuwa allura, kuma likita ke yinsa.

Allurar ita ce enoxaparin, wadda aka fi sani da Clexane. Ba ta kai wa jariri. Mai nauyin kilo 50 zuwa 90 yawanci 40mg ake ba ta sau ɗaya a rana, wadda ke kan magani tun kafin ciki kuwa nata ya fi haka. Likita zai tambayi abin da ya jawo gudan jinin farko. In haka kawai ya zo, ko a kan ciki ko ƙwayar tazarar haihuwa, tun farkon ciki ake farawa. In babbar tiyata ce ta jawo shi, yana iya ɗagawa zuwa sati 28.

Ki koyi yi wa kanki, ya fi zaryar kemis kullum. Ki zauna, ki tsunkuli fatar gefen ciki nesa da cibiya kamar yatsu uku, ki soka allurar a miƙe, ki tura a hankali. Ɗan kumfan iskar da ke cikin sirinjin kada ki fitar da shi. Kada ki murza wurin, murzawar ce ke kawo shatar nan mai baƙi da ke sa mata su ce sun fasa. Yau dama, gobe hagu, in ciki ya tsufa cinya ma ta yi. Ni bayan isha'i nake cewa a riƙa yi, ko azumi ya zo babu abin da zai canja.

Tana da tsada, babu ɓoye-ɓoye. Ki zaunar da maigida a yi lissafin wata tun yanzu. Masu tsallake kwana don ta yi auki, da masu maye ta da asfirin, duk kansu suke cuta.

Ruwa ki sha sosai, balle lokacin bazara ko laulayi mai amai. Tafiyar mota da ta wuce awa 4 a tsaya ki taka. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ba tausa, ba ƙaho, ba tsagar wanzami, asibiti kawai. Numfashi ya sarƙe, ko ciwon ƙirji, ko tari da jini, ko tsakar dare ne a nemo mota.

Haihuwa a asibiti za ki yi. Naƙuda ta fara, ko faya ta fashe, ko kin ga jini, kada ki yi allurar ranar, ki faɗa musu ƙarfe nawa kika yi ta ƙarshe, domin sai an samu awa 12, ko 24 ga wadda nata ya fi yawa, kafin allurar kashe zafi da ake yi a baya.

Bayan haihuwa haɗarin ya fi na cikin ma. Sati 6 za ki ci gaba, wato arba'in da kwana biyu, ko an kai ki wankan gida Daura ki tafi da allurarki. Ba ta hana shayarwa. Ki riƙa tashi kina zagaya tsakar gida ko su Inna sun ce mai jego kwanciya take, kuma ranar da za ki karɓi tazarar haihuwa ki ce a ba ki marar sinadarin istirojin.