Darasi na 9: Tsohon Faifan Garmaho da Yadda Ake Adana Shi

A gidaje da yawa akwai wata tsohuwar adaka a ƙuryar ɗaki wadda ba a buɗe ta sai ranar rabon gado. Idan aka buɗe, a ƙarƙashin tsofaffin riguna da takardu, wani lokaci sai a tarar da wasu baƙaƙen fayafai masu nauyi, kowanne da huda a tsakiya. Manya su ce tarkace ne. Yara su kwashe su yi ta gara su a tsakar gida, kafin la'asar duk sun zama tsingaro. Muryar da aka ɗauka shekara 70 ko 80 da suka wuce ta tafi ke nan.

Yau za mu koyi gane irin wannan faifai, da wanke shi, da sauraronsa, da ajiye shi. A ƙarshe kowa zai yi ɗan rubutu.

Da me aka yi shi?

Sunan kansa daga ɗakin girki ya fito. Ku tuna faifan da ake rufe ƙwarya da shi: zagaye ne, kuma saƙarsa layi ɗaya ce da ke ta kewaya. Haka faifan garmaho yake. Akwai siririn kwari guda ɗaya tak a kowace fuska, yana ta nannaɗewa, kuma a cikin wannan kwarin sautin yake. Sai dai mai saƙa daga cibiya take farawa ta fito baki, ita kuwa allurar garmaho daga baki take tashi ta nufi cibiya.

Wani Bajamushe mazaunin Amurka, Emile Berliner, shi ya yi rajistar garmaho mai faifai a 1887. Kafin ƙarnin ya ƙare an koma yin faifan da wani ƙaro mai suna shalak. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne yake fitar da shi a jikin rassan itatuwa a Indiya da Tailan. A kankaro shi, a narka, a tace, sannan a kwaɓa da garin dutse mai laushi da baƙin launi, a danne a cikin injin yana da zafi. To, ƙaro da garin dutse. Wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin darasin: abin yana fashewa kamar tangaran, zafi yana lanƙwasa shi, kuma akwai ruwan da ke narkar da shi.

Na ƙaro ne ko na roba?

Mu duk abin da ke juyawa a kan garmaho faifai muke ce masa, amma iri biyu ne. Na roba ya zo daga baya: kamfanin Columbia ya fito da babban a 1948, RCA Victor ya fito da ƙaramin a 1949. Shi mara nauyi ne, yana ɗan lanƙwasuwa, kwarinsa siriri ƙwarai.

Na ƙaro kuwa yana da nauyi a hannu, ƙiƙam yake, kuma ido yana ganin kwarinsa sarai. Yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, shi ya sa a kan wasu za ku ga an rubuta 78. Mai faɗin inci 10 yana ɗaukar waƙa ta kamar minti 3 a kowace fuska, mai inci 12 yakan kai minti 4 zuwa 5. Kada ku ce za ku lanƙwasa shi don ku gwada. Gwajin ke nan da ba a maimaitawa.

Idan saye za ku yi a wurin masu tsofaffin kaya, ku yi masa abin da mata ke yi wa tukunya a kasuwa. Ku ɗaga shi da yatsu ta gefe, ku ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsabta, mai tsaga kuwa sai ku ji ƙarar a dushe. Sannan ku karkata shi ga haske. Baƙi mai sheƙi yana da sauran rai. Wanda kwarinsa ya yi furfura, allura ta gama cinye shi. Za a ji waƙar, amma kamar ana soya ƙosai a bayan mawaƙin.

Wanki

A nan ake yawan yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Ni kaina na taɓa yi. Na samu wani faifai a kayan kawuna, ƙura ta yi masa kane-kane. Na ɗauko sifirit ɗin da nake goge askar aski, na jiƙa auduga na goga. Audugar ta yi baƙi ƙirin, ina ta murna wai dauɗa ce ke fita. Da na taɓa wurin sai na ji yana danƙo. Ashe faifan nake narkarwa. Wurin da hannuna ya bi, har yau in allura ta iso nan sai shuuu kawai.

Duk kafintan da ke shafa wa katako shalak ya san da sifirit ake jiƙa shi. Don haka kada sifirit ya kusanci faifan ƙaro. Haka man wanke hannu irin wanda aka yi ta rabawa lokacin korona, haka turaren feshi, duk akwai sinadarin a cikinsu. Ruwan goge faifan roba da ake sayarwa a kwalba, shi ma sau da yawa akwai shi a ciki. Kananzir da fetur da man gyaɗa su ma a'a. Mai yana sa faifai ƙyalli na kwana biyu, daga nan ƙura ta manne a kwarin ta zama laka.

Ga yadda ake yi. Da farko a kaɗe ƙurar da burushi mai laushi, busasshe, ana bin kwarin a kewaye. Kada a ratsa shi. Sau da yawa wannan ma ya isa. Idan dauɗar ta kama jiki, a shimfiɗa tawul a kan tebur a kwantar da faifan. A sami ruwa mai tsabta, wanda ba zafi ba sanyi, a ɗiga masa ɗigo ɗaya ko biyu na sabulun ruwa na wanke-wanke. Ruwan rijiyar da ke barin fari a jikin buta bai dace ba, don wannan farin zai zauna a cikin kwarin. A tsoma burushin, a bi kwarin a hankali, ana kaffa-kaffa da takardar tsakiya, domin tawadar wasu tana zuba da ruwa ya taɓa ta. A ɗauraye, a tsane da ƙyalle mai laushi, a jingine shi a inuwa ya kwana ɗaya kafin a mayar da shi rigarsa. Ba a jiƙa shi a baho, ba a shanya shi a rana.

Faifai iri biyu ba a sa musu ruwa ko kaɗan. Na farko, mai tsaga ko wanda bakinsa ya ɓare, don ruwa zai shige ciki ya kumbura shi. Na biyu, wanda za ku hango ƙarfe a cikin hudarsa, galibi da rubutun hannu a takardarsa. Irin wannan gidajen rediyo suke yanka wa kansu, sau da yawa kwafi ɗaya ne a duniya, kuma fatarsa tana ɓarewa. A kaɗe shi kawai a ajiye, a nemi wanda ya san aikin.

Allura

Tsohon garmaho na wani, wato mai hannun wanawa, ba ya shan wuta. Ana wana shi da hannu, kuma da an ji hannun ya fara tauri sai a tsaya, kada a tsinke ƙarfen da ke ciki. Kan da ke riƙe allurar yana da nauyi, ya haura giram 100, kuma duk nauyin a kan tsinin allura yake sauka.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Allurar ƙarfe fuska ɗaya take yi, a cire ta a yar. Garin dutsen da ke jikin faifan yana wasa tsininta yayin da take tafiya, da gangan aka yi haka don allura ta cinye maimakon faifai. Kafin waƙa ta ƙare bakinta ya koma kamar na kurfi. In aka sake sa ta, musamman in an ɗan juya ta, sassaƙa za ta yi. Shi ya sa a da ake sayar da allurar a 'yan gwangwanaye, kamar 200 a kowanne. Mai kauri tana ba da ƙara sosai, siririya tana ba da ƙara kaɗan kuma ta fi tausayin faifai. Akwai ma waɗanda suka riƙa amfani da allurar gora da ta ƙaya. Ƙusa da allurar ɗinki kuwa, wannan kisan kai ne.

Idan na'urar zamani ce mai wuta, a duba ko tana da wurin 78, kuma a sa mata allurar da aka yi don 78. Ta faifan roba ta yi siranta, tana faɗawa can ƙasan kwarin ta kwaso ƙura. Shi kuma faifan roba kada a ɗora shi a kan garmaho na wani, saurare ɗaya zai kashe shi.

Ra'ayina, faifan da kuke ji da shi ku sa shi sau ɗaya da sabuwar allura, ku ɗauki sautin a waya, ku riƙa sauraro daga nan.

Ajiya

A tsaye ake ajiye su, kamar littattafai a kanta, ba a matse ba, ba kuma a karkace ba. In aka jibga su a kwance, na ƙasa ne ke shan nauyi, kuma ƙwayar tsakuwa ɗaya a tsakani ta isa ta tsaga shi. Masu inci 10 daban, masu inci 12 daban. Kowanne da rigarsa ta takarda mai tsabta. Kantar ta zama mai ƙwari, don faifai 50 sun kai nauyin tiyar hatsi uku ko huɗu.

Ku nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Kada a sa su kusa da rufin kwano, ko jikin taga, ko a bar su a mota da rana a lokacin bazara. A ɗaga su daga ƙasa saboda danshin damina da gara. Gara ba ta cin ƙaron, amma tana cinye riga da takardar tsakiya, kyankyaso ma yana lasar rubutun. Da hunturu a rufa musu zane. In tafiya za a yi da su, a sa kowanne tsakanin kwali biyu, a ɗaure, a riƙe a cinya.

Karanta takardar tsakiya

Faifan da takardarsa ta goge ya zama maraya, ba a san mai muryar ba. A jikinta akwai sunan kamfani, sunan mawaƙi, sunan waƙa da lambar faifai. Akwai wata lambar kuma da aka tona a jikin ƙaron, tsakanin ƙarshen kwari da takarda. Ita ce lambar ɗaukar sautin, da ita masana ke gano shekara da wurin da aka yi shi.

Za ku ga hoton kare yana leƙa ƙahon garmaho: tambarin His Master's Voice ne, mai masana'anta a Hayes kusa da Landan, da wata a Dum Dum kusa da Kalkata a Indiya. Lambar da ta fara da GV galibi kiɗan Kuba ne da aka riƙa turowa Afirka tun 1933. Idan kuwa kuka ga Zonophone da lamba mai farawa da EZ, ku riƙe shi da hannu biyu. Daga 1927 zuwa wajen 1930 kamfanin ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a Landan cikin harsuna da dama, har da Yarbanci, Fanti da Hausa.

Aikin gida

Ku ja layi huɗu daga sama zuwa ƙasa a shafin littafinku, ku sami gida biyar. Ku rubuta a kan gidajen: Kamfani, Mawaƙi, Waƙa, Lamba, Lafiyarsa. Mai faifai a gida ya cike da fensir, harafi bayan harafi yadda ya gani, ko da bai gane kalmar ba. Wanda ba shi da shi ya je wurin wani dattijo a unguwa, ya tambaye shi a gidan wa ya fara jin garmaho da abin da aka sa a ranar, ya rubuto mana amsar cikin jimla uku.