Yadda matashin injiniyan ƙere-ƙeren ƙarfe zai samu hanya ya kuma zaɓi wurin aiki

Yawancin samarin da na ga sun fito daga Kadpoly ko ABU wuri ɗaya suke tuntuɓe: albashi suke fara tambaya. Rubuta takardar neman aiki ba sai na koya maka ba.

Da farko, ka fara sanin mutane tun lokacin SIWES, wato shirin horon ɗalibai a masana'antu. Watannin nan da ake tura ka masana'anta ba na cike littafi ba ne kawai. Ka liƙe wa dattijon da ke kan injin sassaƙar ƙarfe, ka share masa ɓarɓashi, ka miƙa masa kayan aiki, ka yi tambaya idan ya sarara. Shi ne gobe zai buga wa abokinsa waya a masana'antun Sharaɗa ko Kakuri ya ce, "Ga yarona nan na turo maka." Manaja ko sunanka ba zai riƙe ba.

Na biyu, ka shiga reshen ƙungiyar injiniyoyi ta NSE a garinku, ka riƙa zuwa taro ko da kuɗin mota ya yi maka nauyi. Masu sayar da kayan awo da haƙoran yanka ma ka saba da su, domin su ke fara jin kamfanin da ya sauke sabon injin CNC, wato injin sassaƙar ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa.

Na uku, kuma nan ne aikin yake: kada ka karɓi aiki sai ka taka ƙafarka cikin masana'antar. Ka ce a nuna maka inda ake awo. Ƙa'idar duniya ita ce a auna ƙarfe a zafin digiri 20 na ma'aunin Celsius, saboda sandar ƙarfe mai tsawon mita ɗaya tana miƙewa da kusan milimita 0.012 a kowane digiri. A zafin Kano na watan Afrilu, idan ya kai 40, ta ƙaru da kusan rubu'in milimita ke nan, alhali maikiromita, na'urar auna kaurin ƙarfe, tana karanta har milimita 0.01. Wurin da ake awo a bakin ƙofa cikin rana da ƙura ba zai koya maka daidaito ba, zai koya maka "ai ya shiga". Duba maikiromitar kanta. Tana cikin akwatinta, ko an jefa ta cikin sufanu da mai? Tambayi yaushe aka yi mata gwajin ƙarshe. Sannan ka tambayi abin da suke yi da kayan da ya kauce wa awo. Idan oga ya ce ana goge shi a ba mai shi, yi godiya ka fita.

Na huɗu, ka tabbatar akwai injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, da za ka yi aiki a ƙarƙashinsa, don shekarun gogewarka su amfane ka ranar da za ka nemi taka rajistar.

Bayan haka sai ka duba ko suna da janareta mai ƙarfi, ko ana ba da tabarau da takalmin kariya, sannan a yi maganar albashi, kuma a rubuta maka shi a takarda.