Yadda Ake Kafa Na'urar Tace Saƙonnin Banza a Gaban Sabar Imel

Ofisoshin 'yan uwanmu da ke hidimar alhazai da masu Umra a Jidda da Makka suna karɓar imel daga ƙasashe da dama, kuma adireshinsu a bayyane yake ga kowa, shi ya sa saƙonnin banza da na 'yan damfara suke yi musu yawa. Duk ofishin da ke riƙe da sabar imel ta kansa ya kamata ya sa na'urar tacewa a gabanta, ta zama kamar zaure, inda baƙo zai tsaya a tantance shi kafin a shigar da shi cikin gida. Ana iya sayen na'ura ta musamman irin ta Barracuda, ana kuma iya ɗora Proxmox Mail Gateway a kan wata kwamfuta ta daban. Wannan ta biyun kyauta ce, tana aiki da Postfix mai karɓa da isar da saƙo, da SpamAssassin mai gano saƙon banza, da ClamAV mai gano ƙwayoyin cutar kwamfuta, kuma a ganina ta wadatar da ƙaramin ofis.

Da farko a ba na'urar adireshin IP tsayayye, sannan a nemi kamfanin da ke ba ofis intanet, STC ne ko Mobily, ya tabbatar ƙofa ta 25, wato lambar mashigar da sabobin imel ke miƙa wa juna saƙo ta cikinta, a buɗe take, ya kuma sa bayanin PTR, wanda ke nuna sunan da ke bayan adireshin IP, ya yi daidai da sunan na'urar, domin sabobi da yawa ba sa karɓar saƙo daga adireshin da ba shi da shi.

Bayan haka a shiga shafin sarrafawa, wanda a Proxmox yake kan ƙofa ta 8006, a rubuta domen ɗin ofis, wato sunan da ke bayan alamar @ a adireshin imel, a jerin waɗanda na'urar za ta karɓa wa saƙo, a nuna mata adireshin sabar da ke ciki. Kada a yarda ta karɓi saƙon wani domen daga mutanen waje, in ba haka ba 'yan damfara za su mayar da ita hanyar aika nasu tarkacen, sunan ofis kuma ya faɗa jerin Spamhaus, ƙungiyar da ke lissafa adireshin masu aika saƙonnin banza. A kunna tantance mai karɓa, ta yadda saƙon da aka aiko wa adireshin da babu shi za a ƙi shi tun a bakin ƙofa. Na'urar tana kuma bukatar DNS nata na kanta, wato sabar da ke nemo bayanan sunayen intanet, saboda ta nan take duba jerin Spamhaus, shi kuwa Spamhaus ba ya amsa tambayar da ta biyo ta manyan hanyoyin gama-gari irin su 8.8.8.8.

Sai sauya bayanin MX, wanda ke nuna inda za a kai saƙon domen, ya koma nuna na'urar. Kwana guda kafin aikin a rage TTL, wato tsawon lokacin da sauran sabobi ke riƙe bayanin kafin su sake nemansa, zuwa daƙiƙa 300, don sauyin ya bazu da sauri, a kuma iya komawa baya idan an samu tangarɗa. Daren Alhamis ya fi dacewa, tunda Juma'a da Asabar ranakun hutu ne, kuma ba aikin da za a taɓa ba ne a cikin Ramadan ko gab da Hajji.

Matakin da aka fi sakaci da shi shi ne rufe tsohuwar hanya. Masu aika tarkace sukan riƙe tsohon adireshin sabar su ci gaba da bugo mata kai tsaye, don haka a katangar tsaro (firewall) a hana kowa shiga ƙofa ta 25 ta sabar sai na'urar kaɗai, kuma kada a bar sabar a matsayin MX na biyu. Idan saƙonnin fita ma za su bi ta na'urar, a Proxmox ta ƙofa ta 26 ake yi, sai a ƙara adireshinta a bayanin SPF, jerin adireshin da aka yarda su aika saƙo da sunan domen ɗin.

A makonnin farko kada a share komai. SpamAssassin yana ɗaukar saƙon da ya kai maki 5 a matsayin na banza, amma yana kuskure, kuma takardar biza ko ta masaukin alhaji guda ɗaya da ta ɓata ta fi tarin tarkace illa. A killace abin da aka kama, wani ma'aikaci ya riƙa dubawa kullum, yana sakin na gaskiya, yana sa adireshin wakilan ofis na Kano da Yamai da Khartum a jerin amintattu.