Yadda ake buga hoton ganye da kurkum da hasken rana

Launin rawaya da ke cikin kurkum daga wani sinadari yake fitowa mai suna kurkumin. Yana shan shuɗin haske, kuma ƙarfin hasken yakan tsinke masa jiki har launin ya koɗe. Da wannan koɗewar za ka yi zanen. Masanin Ingila John Herschel ya bayyana dabarar buga hoto da launin tsirrai tun a 1842.

Da farko ka zuba ƙaramin cokali ɗaya na garin kurkum a cikin babban cokali huɗu na sifirit, ka juya sosai. Kada ka ce ruwa ma zai yi, domin kurkumin ba ya narkewa da kyau a ruwa. Sifirit kuwa yana kama wuta, ka nisanta shi da murhu. Ka tace da ƙyalle, ka zubar da dusar.

Sai ka shafa ruwan da auduga a farar takarda mai kauri, ka bar ta ta bushe a wuri mai duhu. Nan mutane suke yin sakaci. Takardar da ta bushe a haske ta fara koɗewa tun ba a ɗora mata komai ba.

Ka shimfiɗa ganye a kai, ka danne da gilashi don kada haske ya kutsa ta ƙarƙashi, ka fitar rana. Ganye mai yatsu-yatsu ya fi ba da sura mai kyau. In rana ta take, sa'o'i kaɗan sun isa. Da hadari sai ka ƙara haƙuri. Alamar da za ka duba ita ce inda babu ganye ya koma fari-fari. Ba zafi ne ya yi aikin ba, haske ne, kamar yadda yake miƙar da wani lanƙwasasshen sinadari mai suna retinal a cikin idonka har ka iya gani. Bambancin shi ne ido yana maido da nasa, kurkumin kuwa in ya tsinke shi ke nan.

Daga nan ka narka bekin soda kaɗan a ruwa, ka kwarara a kan takardar. Kurkumin ɗin da ganye ya kare zai rikiɗe ya koma ja mai duhu, surar ta fito fili. Ka shanya a inuwa, ka adana a cikin littafi, domin har yanzu haske na iya cinye abin da ya rage.